Kazuwal, kwantiragi ko sa-kai: wane “wucin gadi” ya kamata ka karɓa?

Bayan ƙaramar Sallah ɗan ƙanwata ya zo gidana da yamma riƙe da ambulan biyu. Ya gama babbar difloma a fannin akanta, ya yi bautar ƙasa, ya shafe wata takwas yana zaune. Ambulan ta farko daga wata makaranta ce mai zaman kanta, suna neman wanda zai riƙe musu littafin kuɗi na shekara ɗaya. Ta biyu aikin karɓar kuɗi ne a banki, sai dai sunan da ke saman takardar ba na bankin ba ne, na wani kamfani ne a Legas. Akwai na uku da bai zo da takarda ba: abokin mahaifinsa ya ce ya riƙa zuwa ofishinsu yana kama musu aiki, in an buɗe ɗauka a sa sunansa.

“Kawu,” in ji shi, “duk ukun fa an ce mini na wucin gadi ne. In duk ɗaya ne, ba sai in ɗauki wanda ya fi kuɗi ba?”

Ba ɗaya ba ne, kuma na daɗe a ofishin kula da ma'aikata har na ga yadda wannan kalma ke cin shekarun matasa ba su ankara ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na faɗa masa a daren, domin waɗanda ke riƙe da irin ambulan ɗinsa.

Abin da kalmar take nufi, da abin da ba ta nufi

A Hausa, wucin gadi shi ne abin da aka yi don ya riƙe wuri kafin na gaskiya ya zo. Gadar wucin gadi ita ce wadda ake bi kafin a gina ta siminti. Sansanin wucin gadi shi ne wanda ake zama kafin a koma gida. Ke nan a cikin kalmar akwai alkawari guda: abin zai ƙare, kuma an san abin da ake jira. Ma'aikacin da ya shekara bakwai a kan tebur ɗaya ana ce masa na wucin gadi, an karya masa wannan alkawari, domin aikin da yake yi na dindindin ne, sunansa kawai aka bari a waje.

Turawa suna da gajeriyar kalma ga ma'aikacin ofis irin wannan, suna cewa *temp*, kuma ma'anarta a wurinsu ta fi tamu ƙunci. Yawanci tana nufin wanda wani kamfani ya turo ya riƙe tebur na kwanaki ko makonni, saboda mai teburin ta tafi hutun haihuwa ko aiki ya yi yawa. Sana'ar ta bunƙasa ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. William Russell Kelly ya buɗe ofishinsa a Detroit a 1946, kamfanin Manpower ya biyo baya a Milwaukee a 1948, kuma akasarin waɗanda suke turawa mata ne masu buga tafireta. Mu kuwa mun ɗauki kalma ɗaya mun lulluɓe abubuwa huɗu ko biyar da ita. A ofisoshi za ka ji an ce kazuwal, a ce ɗan kwantiragi, a ce ɗan sa-kai. A rediyo lokacin zaɓe a ce ma'aikatan wucin gadi na hukumar zaɓe. A Jamhuriyar Nijar kuwa, in aka ce 'yan kwantaragi, kowa zai fara tuna malaman makaranta da ba a sa su cikin jerin ma'aikatan gwamnati ba.

Akwai kalmomi uku da ake cakuɗawa da wannan, gara a cire su tun da wuri. Riƙon ƙwarya na wanda ya riga ya zama ma'aikaci ne aka ba shi riƙon kujerar da ta fi tasa, wato muƙaddashi. Gwaji shi ne farkon aikin dindindin, a aikin gwamnatin tarayya shekara biyu ne kafin a tabbatar da mutum. Jinga kuma ciniki ne a kan aiki guda, kamar a ce ka shigar da sunayen ɗalibai dubu a kwamfuta a ba ka kaza, ka gama cikin kwana uku ko goma ruwanka. In mai ɗaukarka ya ce gwaji ne, nemi kalmar a cikin takarda, domin gwaji yana da ƙofa a gabansa, wucin gadi kuwa ba dole ba ne.

Ma'aunai biyar

Kafin a auna kowane zaɓi, ga abin da nake dubawa. Na farko, wa ke biyanka, wato sunan wa ke kan takardarka, domin shi za ka riƙe in an samu matsala. Na biyu, kuɗin da ke shiga hannu da wanda ake ajiye maka, ba adadin da aka faɗa da baki ba. Na uku, ƙarko: ranar ƙarewa a rubuce take, ko sai ranar da aka ga dama. Na huɗu, sauƙin shiga da sauƙin fita. Na biyar, kasada: me za ka rasa in abu ya lalace.

Awon nan ba ya yiwuwa sai da ɗan sanin doka. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta shafi masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ta ware manyan jami'ai da ƙwararru waɗanda takardar yarjejeniyarsu ce ke magana a kansu. Saboda haka akawu da mai buga takardu da masinja suna cikinta. Sashe na 7 ya ce dole a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce da fara aiki. Sashe na 11 ya tsara notis ɗin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Akwai hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 na aiki a shekara in likita ya tabbatar, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12 a jere.

Mutane da yawa suna cewa in ka yi wata uku doka ta mayar da kai na dindindin. Sashe na 7 bai faɗi haka ba. Takarda ya ce a ba ka, bai ce a tabbatar da kai ba. Na ga waɗanda suka dogara da wannan zance suka ƙi neman wani aiki, daga baya abin ya dame su.

Kazuwal

Shi ne wanda ake biya da ranar da ya zo, ko da a ƙarshen mako ko wata ake haɗa masa kuɗin. An fi saninsa a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da ke Kano, amma ya shigo ofis: masu tsara fayil, masu hoton takardu, masu shigar da bayanai lokacin rajistar jarrabawa ko lokacin aikin Hajji.

Wajen sauƙi babu kamarsa. Yau a yi magana, gobe ka fara, babu mai neman mai tsaya maka, kuma ranar da ka samu abin da ya fi za ka tafi ba tare da kowa ya riƙe ka ba. Wajen kuɗi kuwa sai an yi lissafi. A ɗauka, misali, ana ba ka naira 3,500 a rana. Kwana 22 ya kama 77,000, ka ga kamar ya zarce mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. To amma watan da aka yi hutun Sallah kwana biyu, zazzaɓi ya kwantar da kai kwana biyu, 63,000 za ka ɗauka, kuma kuɗin mota bai ragu ba. Ita kanta dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin rabin lokaci da masu karɓar la'ada. Ƙananan ofisoshi da yawa a nan suke fakewa, kuma doka ba ta kama su ba.

Abu ɗaya da kazuwal yake da shi wanda da yawa ba su sani ba: Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ambaci na wucin gadi da kazuwal a cikin waɗanda take karewa. In aka ji rauni a bakin aiki akwai haƙƙin diyya ta hannun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, wadda masu ɗaukar aiki ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya. Matsalar ita ce hujja. Wanda ake miƙa wa kuɗi a hannu, ba ya sa hannu a rajista, da me zai nuna ya taɓa aiki a wurin? In za ka yi kazuwal, roƙi a riƙa tura maka kuɗin ta banki, ka kuma riƙa sa hannu a littafin zuwa aiki.

Kwantiragi kai tsaye

Wannan shi ne irin ambulan ɗin makarantar. Wurin da za ka yi wa aiki shi ya ɗauke ka, sunansa ne a kan takarda, an rubuta ranar farawa da ranar gamawa. A cikin duk zaɓin nan shi ne ya fi cika ma'anar wucin gadi, domin ƙarshensa a bayyane yake. Kada a haɗa shi da kwangila. Ɗan kwangila kaya yake kawowa ko gini yake yi a biya shi, ɗan kwantiragi ma'aikaci ne mai albashi.

Albashinsa yakan zo daidai kowane wata, hutu ba ya rage shi. In wurin yana da ma'aikata 15 ko fiye, Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta a cire kashi 8 cikin 100 daga wurinka, mai aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunanka. Asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. A kan albashin 100,000, in duka ake lissafawa, 18,000 ke nan a wata, 216,000 a shekara. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar yakan ga 8,000 ɗin da aka cire kawai, ba ya ganin 10,000 ɗin da aka ƙara masa. In kana gwada takardu biyu, haɗa da wannan kuɗi.

Shigarsa ta fi ta kazuwal wuya, sai an yi intabiyu, wani lokaci sai da wanda ya san ka. Fita kuma sai da notis ɗin da aka rubuta. Kasadarsa biyu ce. Ta farko sabuntawa: in an rubuta cewa za a iya sabuntawa, wannan dama ce ta mai aiki, ba haƙƙinka ba ne, don haka tun saura wata uku ka fara neman wani wuri. Ta biyu ƙaramin wuri yana iya kasa biya, musamman makarantu masu zaman kansu lokacin dogon hutu, in kuɗin makaranta ya daina shigowa. Tambayi waɗanda ke aiki a wurin ko ana biyan watan Agusta. Amsar wannan tambaya ta fi duk abin da za a faɗa maka a intabiyu amfani.

Wani alheri da ba a cika lissafa shi ba shi ne faɗin aikin. A ƙaramin wuri mai riƙe littafin kuɗi shi ke rubuta rasit, shi ke tsara albashi, shi ke zuwa banki, shi ke zama da mai binciken kuɗi a ƙarshen shekara. Bayan wata goma sha biyu yana da abin faɗa in an tambaye shi me ya iya.

Kwantiragi ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata

Nan ne zan daɗe, domin nan ne kalma ta fi ruɗar mutane. A banki da kamfanonin waya da na mai, in aka ce wane ɗan kwantiragi ne, ba irin na sama ake nufi ba. Ana nufin wani kamfani ne ya ɗauke shi ya ba da hayarsa. Mutum uku ne a cikin cinikin: kai, da kamfanin da ya ɗauke ka, da wurin da kake zuwa kowace safiya. Wurin yana ba ka umarni, yana duba lokacin zuwanka, yana iya cewa ba ya son ka kuma. Amma a takarda ba ma'aikacinsa ba ne kai. Wannan shi ne ya fi kusa da abin da Turawa ke kira *temp*, sai dai nasu na makonni ne, namu yakan kai shekaru.

Ba haram ba ne a doka. Dokar Ƙwadago ta yarda da shi in kamfanin yana da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma kana da damar tambaya ko yana da shi. Manyan kamfanonin dillanci sukan biya a kan lokaci, su zuba fansho, su sa ka a inshorar lafiya. Sau da yawa kuɗin da ke shiga hannu ya fi na ƙaramar makaranta ko ƙaramin asibiti. Akwai kuma horo, da koyon aiki da tsari, da sunan babban wuri a takardar neman aikinka na gaba. Duk waɗannan gaskiya ne, ban raina su ba.

To amma ga abin da ke ɗaya gefen. Kuna zaune layi ɗaya da ma'aikacin bankin na dindindin, kuna ƙirga kuɗi iri ɗaya, albashinsa ya ninka naka, shi yana da matakan ƙarin girma, kai babu. Kuɗin da wurin ke biya a kanka ya fi wanda kake gani, domin dillali yana cire la'adarsa. Sallama ba ta buƙatar laifi, wurin yana iya rubuta wa dillali cewa ya mayar da kai, shi ke nan. Shiga ƙungiyar ƙwadago haƙƙi ne da sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa, amma a aikace waɗannan ma'aikata su ne suka fi shan wuya wajen samunsa, kuma shekara da shekaru ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, da ƙungiyoyin ma'aikatan banki suna kuka a kan wannan tsari. In rigima ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano da Kaduna da wasu jihohi, abu na farko da za a fara ja a kai shi ne wane ne ubangidanka. Kotun ta taɓa ɗora alhaki a kan ɓangarorin biyu tare a wasu shari'u, amma sai da hujja, kuma shari'a tana cin lokaci da kuɗi.

Mai karɓar kuɗi yana da ƙarin kasada tasa. Za a nemi mutum ɗaya ko biyu su tsaya maka, su sa hannu cewa in kuɗi ya ɓata su za su biya. Gibin da aka samu a akwatinka a ƙarshen yini daga albashinka za a cire. Wanda aka ɗauka neman kwastomomi kuma yana ƙarƙashin adadin da aka yanka masa kowane wata. Kafin dattijo ya sa maka hannu, karanta masa takardar tsaf, domin gidansa yake jinginarwa da mutuncinsa.

Kasadar da ta fi damuna ita ce ta shekaru. Manyan kamfanoni kan sa iyakar shekaru in za su ɗauki sabbin ma'aikata na dindindin. Albashin dillali yana isa a biya haya a yi cefane, sai mutum ya saki jiki, ya yi aure, ya daina neman wani abu. Kafin ya waiwaya ya wuce iyakar, kuma abin da ya iya bai wuce aikin taga ɗaya ba. Na ga wannan ba sau ɗaya ba, kuma yana ci mini rai. Ana cewa wani lokaci ana mayar da wasu na dindindin, kuma ana yi. Tambayi mutum nawa aka mayar a reshen da za a kai ka cikin shekara uku da suka wuce, ka gina shirinka a kan amsar.

Abubuwa biyu kuma su sa ka juya nan take: a ce ka biya kuɗi kafin a ba ka takardar ɗaukar aiki, ko a ce ka ajiye takardun makarantarka na asali a wurinsu. Hoton takarda ya isa kowane mai ɗaukar aiki na gaskiya.

Aikin hukuma na lokaci guda

Shi ne wanda rediyo ta fi kira na wucin gadi. Hukumar zaɓe ta INEC tana ɗaukar ɗimbin mutane kowane babban zaɓe, domin a 2023 rumfunan zaɓe 176,846 ne, kowace da jami'anta, yawancin shugabannin rumfa 'yan bautar ƙasa. Aikin kwanaki ne, alawus ne ba albashi ba, kuma a wasu wurare akwai hatsarin rikici. Hukumar ƙidaya ta ɗauki mutane ta fara horo don ƙidayar 2023, aka ɗage ƙidayar ana dab da farawa. Shirin gwamnatin tarayya na ɗaukar matasa, N-Power, da aka fara a 2016, ya riƙa biyan 30,000 a wata, an tsara shi na shekara biyu, kuma a 2020 aka sallami rukunin farko da na biyu, da yawansu suna ta fatan za a mayar da su ma'aikata.

Irin wannan ƙari ne, ba sana'a ba. Kada ka ajiye wani aiki saboda shi, kada ka ci bashi da sunan alawus ɗin da bai shigo ba.

Sa-kai

Ba zan ja magana a nan ba. A asibitoci da makarantu da sakatariyar ƙananan hukumomi akwai mutanen da ke zuwa aiki kullum ba albashi, ko a ɗan ba su na sabulu, suna jiran ranar ɗauka. Babu takarda, babu ranar ƙarewa, kuɗin mota daga aljihunka. Wanda ya yi maka alkawari yana iya yin ritaya ko a canja masa wuri, kuma ranar da guraben suka fito ba lallai a tambayi wanda ya daɗe yana zuwa ba. Amfaninsa ɗaya ne: koyon aikin da ba ka iya ba. In don haka ne, yanka wa kanka wata uku ko shida, ka nemi a ba ka takardar shaida in ka gama.

| Ma'auni | Kazuwal | Kwantiragi kai tsaye | Ta hannun dillali | Aikin hukuma na lokaci guda | Sa-kai |
|---|---|---|---|---|---|
| Wa ke biya | Wurin aiki | Wurin aiki | Kamfanin dillanci | Hukuma | Babu takamaimai |
| Kuɗi | Gwargwadon kwanakin aiki | Albashi tsayayye | Albashi tsayayye, ƙasa da na 'yan dindindin | Alawus | Babu ko kaɗan |
| Fansho | Da wuya | Akwai in ma'aikata sun kai 15 | Yawanci akwai, a bincika | Babu | Babu |
| Ƙarko | Rana zuwa rana | Zuwa ranar da aka rubuta | Yana iya daɗewa, yana iya yankewa kwatsam | Kwanaki zuwa shekara biyu | Ba iyaka, ba tabbas |
| Shiga | Mai sauƙi ƙwarai | Intabiyu | Jarrabawa da mai tsaya maka | Rajista ta intanet | Sanayya |
| Fita | Nan take | Da notis | Da notis | Yana ƙarewa da kansa | Nan take, sai dai nauyin ido |
| Babbar kasada | Rashin hujja | Ƙin sabuntawa, jinkirin albashi | Shekaru su wuce, gibin kuɗi | Ɗagewa, jinkirin alawus | Aikin banza |

Wanne ya dace da wa

In yau kake buƙatar kuɗi, haya ta ƙare ko akwai mara lafiya a gida, karɓi kazuwal ɗin da ke gabanka, da babu gara ba daɗi. Ka riƙe hujjar biya, kuma kada ka daina aika takardun neman aiki ko na mako ɗaya. Haka ɗalibin da ke jiran sakamako ko kiran bautar ƙasa, kazuwal ko jinga sun fi masa, don ba za su ɗaure shi ba.

In kana da iyali kuma abin da ya fi maka muhimmanci shi ne kuɗi ya shigo ranar da aka saba, babban kamfanin dillanci mai lasisi yakan fi ƙaramin wuri tabbas. Shiga da wa'adi a ranka, shekara biyu misali, ka yi amfani da su wajen ƙaro karatu ko jarrabawar ƙwararru. Duk bayan 'yan watanni ka duba asusun fanshonka ka ga ko kuɗin da ake cirewa yana isa can, domin cirewa daban, zubawa daban.

Mace mai shirin aure ko haihuwa ta fi kowa buƙatar takarda. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba da hutun mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki. Kwantiragi kai tsaye na shekara ɗaya ko fiye shi ne inda za ki fi iya riƙe wannan haƙƙi, domin kin san wanda za ki tambaya. A kazuwal ranar da kika daina zuwa an daina lissafi da ke.

Wanda ya yi ritaya yana son ya ci gaba da motsa jiki, kwantiragi kai tsaye ne nasa, ba ya neman ƙarin girma, iyakar shekaru ba ta dame shi ba. Mai wani aikin ko wata sana'a a hannu shi ya dace da aikin zaɓe da makamantansa. Sa-kai kuwa sai wanda gida ke ɗauke da shi, kuma akwai takamaiman abin da ya je koya.

Mai neman ƙwarewa, wanda ke da ɗan sarari a gida, ya fi dacewa da kwantiragi kai tsaye ko da kuɗinsa bai kai ba. Ɗan ƙanwata a nan ya faɗo. Takardar bankin ta fi ta makarantar da 'yan dubbai, amma yana son ya zama akanta, ba ya biyan haya, kuma mahaifinsa bai saki jiki da zancen tsayawa a kan kuɗin banki ba. Ya koma makarantar da buƙatu uku kafin ya sa hannu: a rubuta cewa albashin na wata goma sha biyu ne har da dogon hutu, a sa notis na wata ɗaya ga kowane ɓangare, a kuma rubuta sunan aikinsa mai kula da asusu maimakon mataimaki. Sun yarda da na farko da na uku, notis ɗin suka bar shi a mako biyu. Ya fara aiki ranar da aka koma zango na uku.